Kawu Sabo da Tafiyar Bijimi

Duk wanda ya san Kawu Sabo a Kiru ya san yadda yake duba zanensa: ya runtse ido ɗaya, ya yi ta ja da baya har sai ya ci karo da wani abu. Sau biyu yana zama daɓas cikin kwanon kamun matarsa!

Ƙanen mahaifiyata ne. Ya je Zariya koyon zane, muna murna zai dawo yana fitar da mutum kamar hoto. Ina! Sai ya dawo da wani salon Turawa, ba fuska ba ƙafa, layi da launi kawai. Amma fentinsu kam ya ce bai san shi ba. Jar ƙasa yake ɗebowa daga Riruwai, ya haɗa da baba da lalle da toka.

Wata rana Alhaji Iro na Ƙofa ya sa shi ya zana masa bijiminsa. Da ya zo karɓa, sai ya tarar da jan layi a lanƙwashe da 'yan ɗigo baƙaƙe.

"Sabo, ina bijimin?"

"Yana gidanka mana, Alhaji. Tafiyarsa na zana maka."

Alhaji ya hau faɗa. Sai wani Bafulatani mai wucewa ya tsaya, ya ƙura ido, ya ce, "Kai, wannan yana ɗingisa ƙafar baya." Alhaji ya karɓi zanensa, don kuwa bijimin nasa yana ɗingishin!

Liman ma ya taɓa zuwa yi masa nasiha kan zana abu mai rai.

"Allah gafarta Malam, nuna min mai ran in goge."

Liman ya duba, ya juya allon, ya sake dubawa. "Ci gaba da aikinka, Sabo. Nan ba kowa."

Ranar da wani malamin jami'a ya zo daga Kano yana cewa hannunsa sak na Turawa, Kawu ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar ƙwaryar kakarmu mai zane. "Ranka ya daɗe, ita wannan wace ƙasar Turai ta je?"

Da tsufa ya zo, hannunsa ya soma rawa. Na same shi yana ta fama da zane, layin yana fita a karkace, idona ya kawo ruwa.

"Ke Hadiza, kukan me? Shekara arba'in ina neman wannan layin, sai yanzu ya zo da kansa."

Daminar bara ya rasu. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya huta. Amin.