Marin Ƙeya Sau Biyu

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina dafa kofi a ƙofar shagona, kuma ban tuna ranar da Don Tello bai kori wani manajan ƙwallon sanda, wato besbol, daga aiki ba. Da baki yake korarsu, yana zaune a kan kujerar robar da ya mayar tasa a gindin mangwaro, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Manajan garinmu, na babban birni, har da na Amurka da bai taɓa gani ba sai a talabijin, duk jakuna ne a wurinsa.

Sunansa na gaskiya Eleuterio Mañón, amma ko matarsa ba ta wahalar da bakinta wajen faɗinsa. Shi "Don" ɗin kuwa laƙabin girmamawa ne a wurinmu. Tela ne. Shi ke ɗinka lambobi a bayan rigunan 'yan ƙwallonmu, kuma iyakar dangantakarsa da filin wasa ke nan. A garin da har fada, limamin cocinmu, ya taɓa riƙe sanda ya bugi ƙwallo, Tello bai taɓa buga ko wasan bayan layi ba. Wai gwiwa ce ta hana shi. Ni dai ina ganin gwiwar nan tana rawa lafiya lau a kowane biki.

Amma fa yana da baki, wannan kam ba zan hana shi ba. Da la'asar, in masu yankan rake sun tashi daga aiki, sai su zagaye shi da kofunansu, a ture wasan domino gefe, a buɗe shari'a. Shekarar da kwamitin ƙungiyarmu ya ba abokan hamayyarmu 'yan ƙetaren kogi mai jifarmu bahago ya karɓi matasa biyu masu bugu, Tello ya yi kwana tara yana kumfar baki.

"Kun ba da sa, kun karɓi 'yan awaki biyu!" in ji shi, yana nuna Don Hermógenes mai kantin magani, wanda shi ne shugaban kwamitin. "Compadre, aminina, da wane ido ka kalli yaran nan? Ɗaya ko ƙofar coci aka jefo masa ba zai same ta ba."

Bayan wata uku kafaɗar bahagon ta lalace, 'yan awakin kuwa suka yi ta zuba mana maki. Tello ya kurɓi kofinsa ya ce, "Ai ni na ce a rabu da shi tun bara. Mai ido ya ga yadda hannun yake saukowa." Ba wanda ya ce masa ƙarya kake. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan da mazan garin nan: in mutum ya iya ɗaga murya, sai su manta abin da kunnuwansu suka ji jiya.

Ra'ayinsa yana juyawa kamar fanka, in ban da a kan abu guda, wato toke. Maimakon mai bugu ya zage ya make ƙwallon da aka jefo masa, sai ya kwantar da sandar ya ɗan tare ta, ta gangara gabansa a hankali, don abokinsa da ke kan ɗaya daga cikin tashoshin filin ya samu ya ruga gaba. Tello ya tsani toke kamar yadda na tsani kyankyaso a kicin.

"Allah ya ba ka sanda, ya ba ka damtse, sai ka tsaya kana miƙa ta kamar mai roƙon wuta a maƙwabta?" Haka yake cewa. "Wannan wasan kaji ne."

Da a kan baƙi ya tsaya, da ban damu ba. Amma yana da ƙane, Cleto, uwa ɗaya uba ɗaya, mai aikin sikeli a masana'antar sukari. Mutum ne marar hayaniya, ya buga wa garinmu shekara goma sha huɗu, ya kuma riƙe ƙungiyar a matsayin manaja shekara shida. A wasan ƙarshe na shekararsa ta shida ya ba da umarnin toke, ƙwallon ta tashi sama maimakon ta gangara, aka cafke ta, muka rasa kofin gasar. Kafin mutane su gama fita daga fili, Tello ya hau benci ya kama kukan kaza yana kaɗa gwiwar hannu. Aka bushe da dariya, don mai baƙin ciki yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Daga ranar sunan Cleto ya koma Kaza. A kasuwa Kaza, a bakin sikeli Kaza, har a harabar coci an yi masa. Ya ajiye aikin, ya daina zuwa fili, ya canza hanya don kada ya bi ta gaban shagona. Shekara goma sha ɗaya 'yan'uwan nan ba su zauna a tebur ɗaya ba, ko da Kirsimeti. Matar Cleto ta taɓa gaya mini cewa mijinta ba ya neman komai sai kalma ɗaya daga bakin yayansa. Na kai saƙon. Tello ya ce shi bai san laifin da ya yi ba, gaskiya ya faɗa.

To, bara, saura mako guda mu kara da 'yan ƙetaren kogi a wasan da zai kai mu matakin ƙarshe na gasar, manajanmu ya samu aiki a wani otal a bakin teku ya tattara ya tafi. Kwamiti ya zo shagona neman mafita, tunda ba su da ofis sai bencina. Aka ambaci wani tsohon malamin makaranta, Tello ya ce wannan ko layin yara bai iya shiryawa ba. Aka ambaci wani da ya taɓa bugawa a babban birni, ya ce mashayi ne. Wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ko a roƙi Cleto?" Tello ya yi kukan kaza ɗan gajere, maganar ta mutu a nan.

Don Hermógenes ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To compadre, tunda duk duniya jakuna ne, ga rigar manaja. Wasa ɗaya. Ka nuna mana."

Tello ya duba hagu ya duba dama, idanu ashirin a kansa, babu hanyar gudu. Ya ce dama abin da yake jira ke nan shekara talatin.

Makon nan na sha kallo. Kowane manaja yana da alamomin da yake yi wa 'yan wasansa daga gefen fili don abokan hamayya kada su gane, to Tello ya tara yaran a gindin mangwarona yana koya musu nasa da ƙarfi, har mai sayar da gawayi ya haddace. Taɓa hula, a ruga tasha ta gaba. Jan kunne, a ƙyale jifar ta wuce. Shafa ciki, a buga da iyakar ƙarfi. Sai Nicasio, ƙaton da ya fi kowa bugu a ƙungiyar, wanda Allah ya ba shi ƙirji ya rage masa wayo, ya ɗaga hannu.

"Don Tello, ta toke fa?"

"Babu."

"Ai kowane manaja yana da ita."

"To shi ke nan, don kada ka kasa barci. Ranar da ka ga na mari ƙeyata sau biyu, ka yi toke. Amma ka sani, sai dai ka ga haka a gawata."

Aka yi dariya. Nicasio bai yi ba, yana ta maimaitawa a ransa kamar mai haddar addu'a.

Ranar Lahadi na kai tukunyar kofina da soyayyar ayaba na kafa a bayan shingen waya, daidai tasha ta uku, taku biyar daga inda Tello yake tsaye. Ya ɗinka wa kansa riga sabuwa, lambar bayanta ta fi ta kowa girma. Abin da na gani a zagaye takwas na farko ba ya faɗuwa. Mutumin da ya san amsar komai a kan kujera ya tsaya tsuru-tsuru, zufa tana bin gemunsa. Ya bar mai jifa a fili har hannunsa ya mutu, sannan ya cire shi daidai lokacin da ya farfaɗo. Ya taɓa hula yana nufin jan kunne. Sau biyu ya juyo ya tambaye ni, ni mai kofi, mutum nawa aka fitar. Yaran ne kawai suka riƙe wasan da ƙarfinsu, har muka shiga zagaye na tara, na ƙarshe, maki uku da uku.

Fello, ɗan siririn nan mai gudu kamar an kunna masa wuta, ya kai tasha ta uku. In ya taka gida, wato tashar ƙarshe, mun ci. Nicasio ne zai buga. 'Yan ƙetaren kogi duk suka ja da baya can nesa, don har a garinsu an san Don Tello ba ya toke, kuma an san abin da Nicasio yake yi wa ƙwallo.

A bayan filin akwai inda ake ɗaure shanun da ke jan amalanken rake. Daga can wani ƙaton ƙuda irin mai cizon shanu ya taso, ya yi shawagi a kan ayabata, na kore shi da tsumma, ya wuce ya sauka a ƙeyar Tello. Da idona na ga ya gantsara masa cizo. Tello ya kai mari, tas! Ƙudan ya tashi ya dawo. Ya ƙara, tas!

Nicasio ya zaro ido. Fello ya sunkuyar da kai. Ana sakin jifar, Fello ya fyalla, ƙaton nan kuwa ya kwantar da sanda kamar mai miƙa wa jariri cokali. Ƙwallon ta gangara taku shida ta tsaya a cikin ciyawa, babu kowa kusa da ita. Kafin mai jifa ya iso, Fello ya share gida da cikinsa.

Filin ya kece da ihu. Tello yana tsaye baki buɗe yana sosa wuya, bai ma san abin da ya faru ba sai da aka ɗaga shi sama.

Kafin rana ta faɗi gindin mangwarona ya cika ya batse. Ana ta kawo giya, ana ta sumbatar Tello a goshi. Don Hermógenes yana rantsuwa cewa bai taɓa ganin dabara irin wannan ba, wai shekara talatin mutum yana zagin toke don kawai ya yaudari 'yan ƙetaren kogi rana ɗaya. Da farko Tello murmushin yaƙe kawai yake yi. Da aka maimaita sau uku, sai na ga ƙirjinsa ya fara tasowa.

Ana cikin haka hayaniyar ta ragu daga baya. Cleto ne, cikin farar rigarsa ta zuwa coci, an goge ta sumul. Shekara goma sha ɗaya rabon da ya taka ƙofar shagona. Ya tsufa fiye da yayansa. Mutane suka buɗa masa hanya har gaban kujerar, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Yaya, barka. An ce ka yi toke."

Babu gori a muryarsa, wallahi babu. Fuskarsa a sake take, har da ɗan murmushi. Abin da ya kawo shi a fili yake: yayansa ya ce masa ashe abin yakan ci yakan ƙi, shi ke nan, su rungumi juna a wuce wurin. Ko gaskiyar ma da ya faɗa, cewa ƙuda ne, da an yi dariya an tashi lafiya.

Tello ya dube ni, don ya san inda nake tsaye lokacin da abin ya faru. Sannan ya dubi taron, duk an zuba masa ido ana jiran abin da gwani zai ce.

"Na yi," in ji shi. "Amma ka san toke iri biyu ne, ƙanena. Akwai na maza, akwai na kaji."

Aka kwashe da dariya, har wani sakarai a baya ya yi kukan kazar. Cleto ya tsaya kamar bai ji ba. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya mayar da hularsa, ya ce mini, "Doña Ercilia, a tashi lafiya." Ya juya ya kama hanyar masana'anta a hankali.

Raina ya ɓaci. Ƙeyar Tello ta kumbura ta yi jawur, sai na naɗe ƙanƙara a tsumma na zo na danna masa da ƙarfin da ya fi na magani, na sunkuya daidai kunnensa.

"Na ga ƙudan," na ce.

"Rufa mini asiri, comadre, aminiyata."

"Ba zan faɗa ba, ba don kai ba, don yaran da suka yi gudun. Amma tashi ka bi shi. Ga shi can, ko kwanar kantin magani bai kai ba. Uwa ɗaya ta haife ku, Tello."

Ya leƙa titi. Farar rigar tana nan ana hangenta. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya dafa hannun kujera, ya ɗaga jikinsa har ya rabu da mazauni. Na ce a raina, to, ashe da sauran mutum a cikin rigar nan.

Sai Nicasio ya matso da kwalba a hannu ya ce, "Don Tello, don Allah gaya mana, yaya aka yi ka san daidai lokacin ne?"

Tello ya tsaya a haka, rabi a tsaye rabi a zaune. Sannan ya koma ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya gyara murya.

"Tun a zagaye na huɗu," ya ce, "na lura da inda mai tsaron tasha ta uku yake ajiye ƙafarsa ta hagu."