Na Ba Gaskiya Sifiri

A wancan zamanin, tun ba a yi mafarkin kawo babban birnin ƙasa wannan yanki ba, ni saurayi ne sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, an turo ni wata firamare kusa da Zuba. Ina ji da kaina ba kaɗan ba. Lissafi na iya, amma da yake na fi sauran malamai Turanci, sai aka ɗora mini tsara darussan labarin ƙasa na makarantun yankin, har da jarrabawar tace masu tafiya sakandare. Maimakon in ce ban san fannin ba, sai na kwafe wani tsohon littafi da aka rubuta don yaran can ƙuryar Arewa. Littafin ya ce amfanin gonarmu gero ne da gyaɗa da auduga, doya ta mutanen Kudu ce, damina kuma sai Yuni. Haka na sa aka koyar, alhali ta tagar aji ana hango kunyoyin doya.

Akwai wata yarinya 'yar Gbagyi daga Paikon Kore, duk ajin ba kamarta. A jarrabawa ta rubuta doya, ta ce ruwa na sauka tun Afrilu. Na ba ta sifiri, har na sa 'yan aji suka yi mata dariya, ina tambayarta ko ta fi littafi sani ne. Makin nan ya fitar da ita daga jerin masu tafiya. Kwana biyu sai ga mahaifinta da doya guda a kafaɗa. Ya ajiye a kan teburina, ya roƙe ni cikin ladabi in duba masa littafin, in gaya masa sunan abin nan da yake nomawa tun yana yaro. Nan take na san ya fi ni gaskiya, amma na ce masa maki ya riga ya tafi, ba ya gyaruwa. Ƙarya nake, takardun suna cikin aljihun teburin. Abin ƙazantar ma, na kai doyar gida aka dafa na ci. Wallahi har yau in na tuna, ƙyamar kaina nake ji.

Don Allah ku da ake ba tsara abin da za a koya wa 'ya'yan mutane, in ba ku san fanni ba ku faɗa, ku nemi masu sani ko da a gona suke. Ni da na koyar da ƙarya na yi ritaya da takardar yabo. Ita da ta rubuta daidai, ko ƙofar sakandare ba ta taɓa leƙawa ba.