Kaza Ta Taka, Yaya Asabe Ba Ta Taka Ba

Bana shekara talatin da biyar ke nan da muka rasa Yaya Asabe, mai waina a bakin tashar jirgin ƙasa ta Minna. Ita ta goye ni. Mace ce mai baki. In ta yi maka tsiya, sai ka gama dariya kafin ka ji zafin. Allah Ya jiƙanta.

Ranar da cinyarta ta karye ba faɗuwa ta yi ba. Sunkuyawa ta yi za ta ɗauki tanda, sai muka ji ƙas! Aka ɗauko mai ɗori daga Gwada. Yadda yake aikinsa, sai ya karya ƙafar kaza ya ɗaure, ya ɗaure ta majinyaci. Ranar da kaza ta taka, mutum ma zai taka. Duk gidanmu na Fadikpe muka koma gadin kaza, har inuwa ake canza mata.

Kaza ta warke sumul, tana ta tone-tone a tsakar gida. Yaya kuwa ƙugu ya ɗauka, haƙarƙari ya biyo. Maƙwabta suka ce sammu ne. Ta ce, "Wa zai ɓata layarsa a kan waina? Ku kai ni asibiti." Can aka ga abin da ta daɗe tana rufewa da zane don kunya: ciwon daji ne a nono, har ya kai ga ƙashi.

Kwanan baya jikarta mai karatun likita ta warware mini abin. Ashe ƙashi kullum rushe shi ake yi ana sake ginawa, kuma da wasu sinadaran furotin ne ƙwayoyin jiki da na garkuwarsa ke aika wa juna saƙon a rushe ko a gina. In daji ya shiga, sai ya sa saƙon rushewa ya yi yawa, ƙashin da ya narke kuma ya ciyar da shi. Yau har akwai maganin da ke tare wannan saƙo. Da Yaya na nan, na san cewa za ta yi, "Ashe ɗan aike ne ya ci amana, muna nan muna kiwon kaza."

Abin da ya sa nake jinjina mata ba haƙurinta ba ne. Da aka dawo da ita gida, ta sa aka yanka kazar, ta tara mu mata a ɗakinta, har da 'yar farinta Rabi, wadda ko sunanta ba ta kira. Ta kwance zane. Muka sunkuyar da kai. Ta dube ni ta ce, "Auta, ɗago kanki. Rabi, kawo hannunki ki taɓa. Haka ya fara, kamar gyaɗa. Kunya ce ta cinye ni. Ban yafe wa wadda ta ɓoye nata ba." Wallahi na yi kuka, har haushinta na ji.

Shekaru bayan rasuwarta, Rabi ta ji wannan gyaɗar a jikinta. Ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta yafa mayafi sai asibiti. Aka yi mata aiki.

Wainar sadakar Yaya ta bana Rabi ce ta soya, a tandar uwarta. Da ta gama ta sunkuya, ta ɗauki tandar, ta miƙe tsaye.