Bunsurun da Idirisa Ya Yanka

Jiratawa ce ta haifi Idirisa, amma Maraɗi ce ta ci ƙuruciyarsa. Shekara goma sha huɗu yana dakon buhu a wata masana'antar man gyaɗa, har ranar da aka garƙame mata kwaɗo aka ce kowa ya kama gabansa. Ya samu tsohon moto, wato babur, mai tari kamar ɗan taba, ya shiga kabu-kabu.

A kan moton nan ya ji bishara. Akwai wani tsoho mai wa'azi a Tsibiri, Malam Tanimu, da Idirisa yake maidawa gida kowace ranar kasuwa. Tsohon ba ya shiru a hanya. Iska ta kwashe rabin maganarsa, rabi ya faɗa kunnen Idirisa. "Ceto ba saye ake ba, ɗana. Yesu Almasihu ya gama aikin, kai dai miƙa hannu." Mutumin da bai taɓa samun ko allura ba sai da gumi, wannan magana ta zauna masa a ƙirji shekara biyu, ta ƙi narkewa. A shekarar da jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar damina, aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, sai ya faɗi nasa. Aka yi masa baftisma a Tsibiri. Matarsa Zuliha ta yi kukanta, ta share hawaye, ta ci gaba da sallarta da girkinta.

Damina ta uku bayan haka, zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku bayan shuka. Da ya tashi ya je gonar gado a Jiratawa, ya tarar ciyawa ta shaƙe wuyan hatsi. In ba a nome ta cikin makon nan ba, bana rumbu wayam. Ƙanen mahaifinsa, Baba Sha'ibu, ya bi gida gida da goro yana kiran gayya.

Idirisa bai zaci mutum biyar za su zo ba. Ashirin suka zo, da hauyoyinsu da makaɗinsu. Murna ta rufe masa ido. Ya janyo bunsurunsa, ya yi addu'a cikin sunan Yesu, ya yanka da hannunsa, kamar yadda ya saba tun yana sabon maigida. Zuliha ta dawo daga rijiya ta tarar har an feɗe.

"Wa ya yanka?"

"Ni mana."

Ta sauke tulu a hankali. "Maigida, mi ka yi haka? Baba na nan bayan danga, ka kasa kiran shi? To, in an tambaye ka, ka ce shi ne."

Har rana ta take tsaka ana noma, ƙura na tashi, ganga na zuga, an ci rabin gona. Aka kawo tuwo ƙarƙashin gawo, miyar naman ta lulluɓe kowane akushi. Maman Lawali, ɗan gwaggonsa kuma abokin wasansa, ya wanke hannu yana washe baki.

"Fasto, bawana! Wanga ƙamshi haka? Allah dai ya sa ba kai ka yanka muna ba."

Aka yi dariya. Wasa ne kawai, babu mai jiran amsa. Baba Sha'ibu har ya gyara murya zai ɗauki abin a kansa. Idirisa ya dubi rabin gonar da ya saura, kore shar da ciyawa. Ya dubi hannuwa ashirin a bakin akusa. Ƙarya ɗaya ce, 'yar ƙarama, ba ta kai ƙwayar gero ba. Amma harshen da ya yi alkawari da shi cikin ruwa a Tsibiri ya ƙi juyawa.

"Ni na yanka."

Hannuwa suka koma baya ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, Allah wadaran bakina," in ji Maman Lawali. "Wa ya aike ka ka amsa? Ba ka san wasa ba?"

Wani mai ɗan karatu ya ce ai yankan ma'abota Littafi halal ne. Wani ya ce wannan ga wanda aka haifa ciki ne, ban da wanda ya fita da ƙafarsa. Na farko ya ce a kawo hujja. Na biyu ya ce ai duk 'yan partinku haka kuke, kun sayar da ƙasa, saura addini. Shi ke nan, aka bar bunsuru aka koma kan zaɓe, da albashin da ba a biya, da wanda ya ci amanar wani a Yamai. Makaɗi ya rataya gangarsa. Tuwo ya huce, ƙuda suka samu biki.

Ba wanda ya zage shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Sun yi masa sannu da jiki, sun saɓa hauyoyi, sun ce ciki da yunwa ba ya noman yamma. Gaskiyarsu ce.

Baba Sha'ibu kaɗai ya tsaya. Ya jiƙa gari da ruwa ya sha, ya kama kunya ɗaya, Idirisa ya kama ta kusa.

"Ɗan nan, addininka naka ne, ban hana ka ba. Amma wuƙa fa? Ko Almasihun ne ya ce kar ka ba ni wuƙa?"

"Bai ce ba, Baba."

"To wauta ce taka ta kanka, kar ka ɗora mishi."

Idirisa ya duƙa kan hauyarsa. Yana sara yana magana da Ubangijinsa a zuci, maganar da ba ta da ladabi sosai. Na miƙa hannun, ya ce, ban kuma janye ba. Amma da ka tuna mini da wuƙar nan tun da safe, me zai ragu a mulkinka?

Kwana biyu suna fama su biyu, Zuliha na biye tana tsince ciyawa. A na uku ruwa ya sauko, ya yi kwana huɗu bai ɗauke ba. Da ƙasa ta sha iska, yammacin gonar ya riga ya zama makiyaya. Dami goma sha ɗaya suka ɗaure a kakar nan, inda aka saba ɗaure talatin, kuma tun kafin watan bakwai na shuka ya kama Zuliha ta fara auna garin tuwo da ƙaramar ƙwarya.