Hassoumi Makanike da Tambayar Hafsan Soja

Hassoumi ɗan Damagaram ne. Ya iso birnin Greensboro na Amurka a 1999, ya yi shekara huɗu yana gyaran motoci a East Greensboro, sannan ya shiga soja. A 2005 aka tura shi Iraƙi, aikinsa gyaran kamiyo, wato manyan motoci.

A can ya haɗu da Davou, Kirista ɗan Jos, ma'aikacin jinya na rundunarsu. Su biyu kaɗai ke jin Hausa, don haka tare suke cin abinci. Ranar da ƙarfe ya danne wa Hassoumi hannu, Davou ne ya ɗaure raunin, ya zauna da shi har jirgi ya zo.

A lokacin, doka ta ce sojan da ke neman jinsinsa zai iya aiki muddin bai bayyana ba. Idan aka sani, kora ce. Hassoumi ya san dokar ta shafi Davou, domin Davou ya taɓa nuna masa hoton wani mutum ya ce, "Shi ke jirana a gida." Hassoumi ya yi kwana uku ba ya kula shi, a na huɗu ya ɗauko farantinsa ya dawo.

Bayan sun dawo Amurka, wani ya kai ƙarar Davou. Hafsan da ke bincike ya kira Hassoumi, ya tambaye shi me ya sani.

"Na san ya iya aikinsa," in ji Hassoumi. "Ga hannuna, duba."

"Ba wannan na tambaya ba."

"Ita ce amsar da nake da ita."

Hakan bai hana komai ba. An sallami Davou a 2006.

Hassoumi ya ƙarasa wa'adinsa, ya buɗe gareji a McLeansville. Wata Juma'a bayan salla maganar masu neman jinsinsu a soja ta taso, Alhaji Zabeirou, dattijon 'yan Nijar na garin, ya ce masa, "Kai da ka yi soja, ya kamata a bar irinsu?"

"Alhaji, abin da addini ya ce na sani, ban taɓa musunsa ba. Amma aikin soja daban ne. Da na ji ciwo, ban tambayi wanda ya ɗauke ni wa yake so ba. Ni dai da an bar shi."

Wasu sun daina kawo masa mota, yawanci sun ci gaba. Davou ya samu aiki a wani asibiti a Charlotte. Hassoumi yana da 'ya'ya uku yanzu, babbar tana son ta zama likita.