Motar da Ta Ƙi Mutuwa a Danja

Shekara arba'in da ɗaya Baba Direba yana riƙe da sitiyari, kuma idan hira ta yi daɗi, abin da yakan yi tutiya da shi bai wuce ɗaya ba: mota ba ta taɓa mace masa a danja ba. Sai ga shi yana da shekara sittin da uku, aikinsa na neman kuɓuce masa saboda wata mota ta ƙi mutuwa a danja.

Ashirin da takwas daga cikin shekarun nan Likita yake tuƙawa. Ta daɗe da ajiye aikin asibiti, amma har jikokinta da Likita suke kiranta. Tun da aka yi mata aiki a ƙashin baya ba ta zama a mota sai da matashi biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a wuya, kuma Baba ne ke jera su kowace safiya bayan ya kakkaɓe kujera. Ya san tagar da take so a sauke kamar faɗin yatsa biyu. Ya san titin da za a kauce wa don ramuka, ko da zai ƙara musu minti goma. Ba su cika magana ba. Ita tana karatunta a baya, shi yana kallon hanya.

Sabuwar motar Auta ne ya kawo ta, ɗan Likita na ƙarshe. Baba ne ya riƙa kai shi makarantar rainon yara, shi ya sha goge amansa a kujerar baya. Yanzu Auta ya tara gemu, yana yawo da waya biyu. Ranar da ya shigo da motar ya zaunar da Baba a gaba ya yi masa bayani dalla-dalla: idan an tsaya a danja injin zai kashe kansa, harafin A zai haska kore a allon gaba, da an ɗaga ƙafa daga birki kuma sai ya tashi. Ya ce hakan na rage shan mai da hayaƙi. Baba ya gyaɗa kai, a ransa yana cewa wannan wane irin abin kunya ne aka ƙera da gangan. Ya shiga titi yana jiran ranar da za ta mace masa a gaban jama'a. Ba ta mutu ba. Ya gode wa Allah, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Bayan wata biyu, wata ranar Litinin, Auta ya zauna yana latse-latse a allon motar, sai ya ci karo da wurin da take tara lokacin da injin ya huta. Minti huɗu ne, kuma duk na ranar da shi ya tuƙo ta gida ne. Ya tambayi Baba ko yana danna maɓallin da ke hana tsarin aiki. Baba ya ce bai ma san inda yake ba. Auta ya fara magana cikin ladabin da ya fi faɗa zafi. Ya ce motocin yanzu sai yaran yanzu, Baba ya yi wa gidan nan hidimar da ba za a manta ba, kuma jiki yana da hakki. Ranar Asabar wani matashi zai zo ya gwada tuƙa Likita, a gani.

Baba ya ce to. Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge.

Akwai abin da bai faɗa ba. Washegarin zuwan motar, tun bai taɓa hawa titi da ita ba, motar mai gidan burodin da ke tsallaken layi ta ƙi tashi, an loda mata kaya, mutumin na ta zufa. Baba bai iya kallon maƙwabci a haka ba. Ya matso da sabuwar motar, ya jona masa batir da wayoyi, aka tashi. Tun da Auta ya yi maganar nan zuciyarsa ta tsaya a kan cewa a ranar ya ƙona wani abu a cikinta.

Da ya koma gida matarsa ta dube shi sau ɗaya ta ce ya faɗi abin da ya faru tun kafin abinci ya huce, don fuskarsa ba ta iya riƙe sirri ko na kwana guda ba. Ya zayyana mata. Ta ce da zai zauna yana yanke wa kansa hukunci, ai gara ya kai motar wurin Uwar Waya mai gyaran wutar mota ta duba, idan ya ƙona ne ya san ya ƙona.

Ranar Laraba ya sauke Likita a wurin masu gasa mata baya, inda takan yi awa biyu. Ya nemi izinin kai motar a duba. Ta ce ya je, ba ta ko ɗago daga jaridarta ba.

Garejin Uwar Waya rumfar kwano ce mai zurfi a bayan wani layin shaguna. Batura jere a kan katako, kowanne da kwanan wata da aka rubuta da alli. Fis-fis na wutar mota cike a cikin tsofaffin gwangwanayen madara, wata fanka na juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo. Mahaifinta bakanike ne, shi ya riƙa gyara wa Baba motoci tun tana rarrafe a ƙarƙashinsu. Da ya rasu ta gaji rumfar, ta bar ɓangaren inji ta kama na lantarki. Yanzu ta haura arba'in, tabarau na rataye a wuyanta da igiya.

"Baba, amarya aka yi ba a gayyace mu ba?" in ji ta, tana zagaya motar.

Ya ce amaryar ce ke neman korarsa daga gida. Ya faɗa mata komai, har da na mai burodi, kansa a ƙasa kamar wanda ya zo gaban alƙali. Ta tambaye shi ko an ba shi ko da gutsuren burodi, ya ce ko ƙamshi. Ta ce to lallai an cuce shi sau biyu.

Da batir ta fara, don a cewarta cikin motoci goma da ake kawo mata da wannan ƙorafi, bakwai batir ne: idan cajinsa ya yi ƙasa motar ba za ta yarda ta kashe injin ba, tana tsoron kada ta kasa tashi. Ta maƙala na'urar gwaji, ta sa tabarau, ta ce lafiyarsa lau. Ta duba ɗan abin da ke manne a kan batirin yana auna ƙarfinsa, ta girgiza shi, yana nan daram. Ta danna wani ɗan maɓalli mai kan roba a bakin bonet, wanda ke shaida wa motar cewa an rufe. Ta tambayi Baba ko yana ɗaura bel, ya ce tun kafin a fara kama mutane a kansa. Ko yana ƙure na'urar sanyi? Ya ce Likita ba ta son sanyi. Ko tafiyarsu gajeruwa ce, injin ba ya samun ɗumi? Ya ce kullum sai sun ratsa gari. Ta jona kwamfutarta a ƙarƙashin sitiyari, ta jira, ta juyo masa da allon. Babu laifi ko ɗaya a rubuce. Jona batirin bai taɓa komai ba.

Baba ya sauke numfashi, ya nemi benci ya zauna.

Sannan ta ce su fita titi, ita za ta tuƙa. A danjar farko ta taka birki, motar ta tsaya, injin ya ɗauke ɗif, harafin A ya haska. A ta biyu ma haka. Sanyin da ya shiga ran Baba a kan benci ya fice. Idan motar lafiyarta ƙalau, to shi ne ba lafiya ba. Ashe yaron nan gaskiya ya faɗa. Ya kalli hannayensa a kan cinya, ya ga jijiyoyin da suka taso, ya ga kamar yau ya fara ganinsu.

Suka yi musayar kujera. Ta ɗora kwamfutar a cinya, idonta a kan allo. Danja ɗaya, injin na kaɗawa. Ta biyu, yana kaɗawa. A ta uku ta ɗago kai ta ga motoci tsaye a gefensu.

"Baba, wai mun tsaya ne?"

"Tun ɗazu, 'yata."

Ta sunkuya ta leƙa ƙafarsa, ta daɗe tana kallo. Takalminsa na kan birki kamar wanda ya taɓa kan jariri mai barci. Ta ce ya faka a gefe, ta nuna masa wani layi a allon da ke auna ƙarfin takun birki. Nata ya yi tudu a kowace tsayawa. Nasa da kyar ya ɗaga daga ƙasa. Ta ce motar tana jiran a taka mata birki sosai kafin ta yarda an tsaya da gaske. Shi kuwa yana riƙe ta ne da abin da bai wuce ya hana ta gangarawa ba, sai take ɗauka cunkoso ne ake ja a hankali, yanzu za a matsa. Ta ce shekara ashirin tana wannan aiki ba ta taɓa ganin ƙafa irin wannan ba, a ina ya samo ta?

Ya ce a wurin ƙwai. Shekarunsa goma sha uku na farko a gidan gonar kaji ya yi su, yana jigilar kiret-kiret na ƙwai har rufin mota. Shugaban direbobinsu wani tsoho ne mai zafin rai, wanda kan ajiye kwanon ruwa cike taf a kujerar gefe ya ce a kai shi kasuwa a dawo. A nan Baba ya koyi ya fara rage gudu tun daga nesa, ya kuma ɗan saki birki daidai lokacin da tayoyi za su tsaya, don kada mota ta girgiza. Wata safiya ana ruwa ya ga wata mata da farar riga tsaye kusa da motarta da ta lalace, ya rage mata hanya. Tun da ta shiga take rubutu a kan gwiwarta. Da suka isa ƙofar asibiti ta dubi takardar, ta ga ko harafi ɗaya bai karkace ba, ta tambaye shi ko yana sha'awar sauya aiki.

Uwar Waya ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta.

"Ni dai ba ni da abin gyarawa a ƙafar nan," ta ce. "Ka tsaya yadda ka saba. In ta gama tsayawa, sai ka ƙara danna birkin ƙasa. Motar da ke tsaye ba ta girgiza kowa."

Suka koma layin bayan gareji suna gwadawa. Sau biyar ƙafar na ƙin bin umarni, tana tsayawa inda ta saba. A na shida injin ya ɗauke, hannun Baba ya zabura zai tayar da shi, ta doke masa bayan hannu kamar yadda mahaifinta kan yi wa masu taɓa masa sifana. Suka yi dariya har ya share ido. Ya yi wa marigayin addu'a, ya yi mata, ya haɗa da 'ya'yanta, zai zarce jikokin da ba a haifa ba ta ce ya tafi kada Likita ta fito ta tsaya a rana.

Ranar Asabar da safe, kafin matashin ya iso, Likita ta ce a kai ta kantin magani. Baba ya roƙi Auta ya raka su, ya zauna a gaba. Tun a bakin ƙofa ya faɗa masa zancen mai burodi, bai rage komai ba. Auta ya ce uhm, yana kallon waya.

Danjar babban titi ta ba su ja. Baba ya rage gudu tun daga nesa, ya ajiye motar a hankali, sannan ya danna. Injin ya yi tsit. Ana jin ƙarar takardar da Likita ke juyawa, da muryar wani mai talla can tsallake. Baba ya yi bayanin abin da Uwar Waya ta gano cikin jimla uku, bai ƙara da komai ba. Auta ya ajiye wayar a cinya, ya zuba wa koren harafin ido.

Likita ta ninke jarida ta tambayi abin da ya sa aka kai motar gareji tun farko. Auta ya fara kame-kame a kan hutu da hakkin jiki da wani yaro da zai zo gwaji kawai.

"Wa ya gaji?" ta ce. "Ni ban ce na gaji ba. Kai Baba, ka ce masa ka gaji?"

"Ban ce ba, ranki ya daɗe."

Ba ƙarar injin da mutum zai fake a bayanta. Auta ya shafa gemu, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Baba, ka yafe min. Na yi gaggawa."

"Ba komai, Auta. Ni ma sai da na zargi kaina."

Auta ya ɗauki wayar ya rubuta wa matashin cewa kada ya wahalar da kansa, an fasa. Ya nuna wa Baba saƙon kafin ya tura, kamar yaron da ke nuna aikin gida. Danja ta ba da kore. Baba ya ɗaga ƙafa, injin ya tashi, na baya bai ko samu damar yin oda ba. Likita ta tuna masa cewa ranar Litinin ƙarfe tara ne za su ga mai duba idonta, kada ya makara. Ya ce in Allah ya kai mu, takwas da rabi yana bakin ƙofa.