Shekarar da Aka Kawo Mini Ƙanwa daga Ƙonni

Shekaranjiya da la'asar ina kishingiɗe a tsakar gida, sai iska ta kaɗo mini ƙamshin tumu daga gidan maƙwabta. Yaransu ne suka samo ɗanyar zangarniyar gero suna gasawa a bakin murhu. Haƙoran da zan tauna tumu sun daɗe da zubewa, amma hancina bai tsufa ba. Ina shaƙar ƙamshin nan na ga kaina 'yar shekara bakwai, a durƙushe gaban wuta a gidanmu na Illela, ranar da aka kawo mini ƙanwa.

Ku da kuka taso yanzu sai na yi muku bayani kaɗan. Lokacin nan Nasara ba su daɗe da zuwa ba. Manya suna ba da labarin yadda wasu Turawa suka bi ta gonaki da dawakai da dogayen sanduna, suna tara duwatsu wuri-wuri, suka ce daga nan zuwa kudu na Ingila ne, daga nan zuwa arewa na Faransa. Illela ta faɗo kudu, Ƙonni ta faɗa arewa, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai mutum ya ji yunwa ba. Kakata, wadda ta haifi Baba, ba ta taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba. Takan ce ta je ta duba da idonta, gero ne nan, gero ne can.

Baba bafatake ne. Da rani yakan bi jakunansa da kanwa da gishiri da fatu, da damina ya dawo gona. Ni kaɗai ce 'yar gidan. Inna ta haifi uku bayana, babu wanda ya zauna, saboda haka na tashi cinyar Inna tawa ce, ƙanzon tukunya nawa ne, bakin tabarmar Kaka ma nawa ne.

Ranar nan ina juya tumuna sai muka ji sallama. Ƙanwar Inna ce da ke aure a wani ƙauye bayan Ƙonni, goye da jariri, tana riƙe da hannun wata yarinya siririya da ba ta kai ni tsawo ba. Ba ta ko sha ruwa ba ta fara kuka. Sojan Faransa sun kwashi mazan ƙauyensu zuwa aikin hanya, har da mijinta, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Ga uwar miji makauniya, ga gona ba a girbe ba, ga goyo. Ta ce ba za ta iya da baki uku ba, ta kawo babbar.

Inna ta dubi Kaka, don gidan na ɗanta ne. Kaka ba ta haɗa jini da yarinyar ba ko ta ina. Ta dube ta daga sama har ƙasa, sannan ta miƙo hannu ta karɓi tumun da ke hannuna, ta karya shi biyu, ta ba yarinyar rabi. Iyakar shawarar da aka yi ke nan. Washegari uwar ta koma, yarinyar ta tsaya a bakin zaure tana kallon hanya har rana ta take.

Daga nan komai na gidanmu ya zama na mutum biyu. Da asuba Inna takan tashe mu tare, ta wanke mana fuska da ruwan randa mai sanyi, ta sa mana kwalli, ta zuba mana kunu a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, kowa ya sha ya miƙa. Sai mu ɗauki allo mu tafi makarantar malamin unguwarmu, mu yi karatu gindin wata bishiyar bedi har hantsi ya ɗaga. In mun dawo akwai sharar tsakar gida, akwai ba kaji dusa, akwai tsintar audugar da Kaka za ta kaɗa. Kaka ba ta yawan faɗa. In ta ga ɗayarmu ta kai hannun hagu cikin tuwo, mazarinta kawai za ta tsayar ta yi gyaran murya, mu duka biyu mu gyara zama. Ta hana a ce "ɗiyar baƙi" a gidan. Wata maƙwabciya ta taɓa faɗin haka, Kaka ta bar ta tsaye ba ta ba ta wutar da ta zo ɗiba ba sai da ta gyara bakinta.

Yarinyar ba ta da magana. Wata guda ta yi ba na jin muryarta sai a wurin karatu. Amma kanta kamar an wanke shi. Abin da zan kwana uku ina tuntuɓe a kai, ita malam zai biya mata sau biyu ta riƙe. Kafin rani ya ƙare ta kamo ni, kafin ruwan farko ta wuce ni da sura biyu. Malam yana yabonta a gaban yara, Inna kuma in za ta yi mana kitso ita take fara zaunarwa, wai ƙarama ba ta jimirin jira. Zanena na saƙi da ya yi mini kaɗan aka ba ta. Ba ina sonsa ba ne, amma ranar da na gan shi a jikinta na ji kamar an cire mini wani abu.

Abin da ya cika mini ciki allo ne. Da ta zo, wani guntun allo aka aro mata. Da Baba ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe kafin shuka, sai ya ciro sabon allo daga mangala, fari sumul, ya ba ta. Ni aka kawo mini 'yan kunne, amma ban gansu da daraja ba. Nawa allon tsoho ne, ya tsage a gefe. Na haɗiye abin nan wata biyu, yana nan yana tsima.

Wata safiya cikin tsakiyar damina, gero ya fi mutum tsawo, muna tafe makaranta ta wani lungu, sai ta ce in tsaya ta gyara ɗaurin zanenta. Ban san abin da ya taso mini ba. Na juyo na gaya mata cewa gidan nan ba gidansu ba ne, Inna tawa ce ba tata ba, in tata uwar tana sonta me ya sa ta yar da ita ta tafi. Ta dube ni, ta jingina allonta a bango a hankali don kada rubutun ya goge, ta juya. Na ɗauka gida ta koma ta kai ƙarata. Na wuce makaranta ina shirya abin da zan kare kaina da shi. Da malam ya tambaye ta, na ce ba ta da lafiya.

Na dawo gida rana ta kusa tsaka. Inna tana tankaɗe, ta ɗago kai ta ce, "Ina ƙanwakki?"

Na ce ai na zaci tana gida. Inna ta aje rariya. Tunda nake ban taɓa ganin ta taka ƙofar gida da rana ba, amma ranar nan ta fita ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, tana shiga gida-gida. Aka aika gona aka kira Baba. Maza suka rarrabu, wasu suka nufi rijiyoyi, wasu tafkin bayan gari da ya cika ya batse. Ina jin mata suna maganar kuraye in rana ta faɗi, da yadda yaro kan ɓace cikin gero ko da gari yana kusa da shi.

Kaka ce kaɗai ba ta motsa daga tabarmarta ba. Ta kira ni, ta sa na zauna gabanta, ta ce, "Mi kinka ce mata?"

Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta zage ni ba. Ta tashi da sandarta ta leƙa zaure, ta ce a gaya wa ɗanta ya bar rijiya ya bi hanyar Ƙonni.

Baba ya bi hanyar har ya kusa garin bai gan ta ba, ya juyo. La'asar ta yi, inuwa ta miƙe, Inna ta zauna a bakin ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Ana cikin haka sai ga wata Bafillata mai kawo mana nono daga rugar da ke wajen ƙauyen Araba, ƙwaryarta a ka, yarinyar goye a bayanta. Ta ce a kan hanyarta ta komawa ruga ta yanke ta gonaki, ta tarar da ita zaune a kan tarin duwatsun nan na Nasara. Yarinyar ta bar babbar hanya don kada a gan ta a maido ta, sai geron ya rufe ta, ta yi ta zagaye har ƙafafunta suka kasa. Matar ta gane ta da zanen saƙin, ta ba ta nono ta sha, ta goyo ta.

Tafin ƙafafunta cike suke da tsidau da ƙaya, wasu sun karye a ciki, jini ya bushe da ƙasa. Baba yana ganin haka, ya kuma ji abin da na faɗa, ya fizgo tsumagiya daga jikin darni. Bai taɓa dukana ba, amma ranar nan na san ba zan sha ba. Kaka ta ce, "Aje ta. Duka ciwon yini guda na, gobe ta mance."

Ta sa Inna ta kawo ruwan ɗumi a kasko, da man shanu, da allura. Ta zaunar da yarinyar a kan turmin da aka kwantar, ta nuna mini ƙasa gabanta. Ta ce bakina ya sa ƙayar nan, hannuna zai cire ta, kada kowa ya taimake ni.

Na ɗora ƙafarta a cinyata. Ƙaramar ƙafa ce, ba ta cika tafin hannuna biyu ba. Duk ƙayar da na taɓa sai na ji ƙafar ta yi tsam, amma ba ta janye ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi ta kuka har ban ganin bakin allurar, in share ido da gefen zane in ci gaba. Gidan ya yi tsit, sai kukan kaji da ke neman shiga akurki. Na gama ta dama na kama ta hagu. Da na shafa mata man shanun, sai ta sunkuyo ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Yaya, kin ɗauko min allona?"

Ba ta taɓa kirana Yaya ba sai ranar. Na tashi da gudu zuwa lungun. Allon yana nan jingine inda ta bar shi, yayyafin da aka yi da azahar ya ɗan zubar da tawadar layin ƙasa. Na rungumo shi na kawo mata.

Bayan an ci tuwo Inna ta jawo ni jikinta. Ta ce cikin da ya ɗauke ta shi ya ɗauki uwar yarinyar nan, kuma uwa ba ta yar da ɗiyarta, sai dai ta aje ta inda ta fi amincewa. Ta ce ita ma ta yi kuskure da ba ta lura ina jin haushi ba. Washegari ni ta fara yi wa kitso. Baba kuwa ya ce laifinsa ne da ya bar yarinya ta kusa shekara ba ta ga uwarta ba. Tun daga nan, duk bayan 'yan makonni, yakan ɗora mu a kan jaki ɗaya, ita gaba ni baya, mu ratsa gonaki mu wuce duwatsun nan mu yini a ƙauyensu. Uwarta takan dafa mana wake, ta yi ta shafa kanmu mu duka biyu.

Ubanta ya dawo bayan kaka biyu, a rame, yana tari. Ya zo Illela da niyyar tafiya da ita. Ya same mu muna biya karatu gaban Kaka, ya zauna ya saurara har muka kai aya. Da zai tafi ya ce wa Baba a bar ta nan, ya ga ta yi saiwa. A gidanmu ta yi sauka, a ɗakin Inna aka sa mata lalle, sannan aure ya maida ta Ƙonni.

Yau hanyar nan ta zama kwalta, an sa ƙofa da ƙarfe a tsakani, akwai masu kaki nan akwai can, ana tambayar takarda, ana canjin naira da sefa a bakin titi. Jikokina kowa da kwanonsa, kowa da jakar makarantarsa da sunansa a jiki, kuma ban ce hakan laifi ba ne, don sun fi mu ƙoshi, sun fi mu sani. Sai dai na lura in ɗan dangi ya zo zama gidan wani yanzu, akan daɗe ana ce masa baƙo.

Ƙanwar tawa ta riga ni tafiya gidan gaskiya, a shekarun da aka rufe iyaka ba shiga ba fita. Da labarin ya zo, babban ɗana ya ce in haƙura in yi mata addu'a daga nan. Na ce ya nemo mini jaki. Muka bi ta gonaki, yana ja ina bisa, muka isa an riga an kai ta. Na zauna cikin mata a ɗakinta ana karɓar gaisuwa. Wata baƙuwa da ba ta san ni ba ta tambayi babbar 'yarta ko ni wace ce, ta ga ana gaishe ni kafin kowa.

'Yar ta ce, "Yayar Innarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga ashe haka ta gaya wa 'ya'yanta tsawon shekarun nan. Na rufe bakina, na karɓi gaisuwar.